Abin da muka tattauna a Agege kan sauye-sauyen tattalin arziki

Ranar Lahadi bayan la'asar mun zauna a Agege, 'yan kasuwar Mile 12 da masu canjin kuɗi, muna neman sanin abin da ke sa gwamnati ta juya akalar tattalin arziki dare ɗaya.

Wani dattijo mai sayar da albasa ya ce matsi ne ke kawo gyara. Ya tuna mana 1986, lokacin da farashin ɗanyen mai ya faɗi, Babangida ya kawo shirin gyaran tattalin arziki mai suna SAP, naira ta karye. Indiya ma sai da ta jinginar da zinariyarta a 1991 kafin ta buɗe kasuwarta. Shawararsa: idan mai ya faɗi, asusun ajiyar waje ya ragu, ka rage ba da kaya bashi. Ni wannan ce ta fi shiga raina, don na ga waɗanda jarinsu ya narke a hannun masu bashi.

Wani matashi ya ce, "Baba, akwai kuma sabuwar gwamnati." Tinubu ya cire tallafin mai ranar 29 ga Mayu 2023, ranar rantsuwarsa. Saboda haka ya kamata kowa ya shirya kafin miƙa mulki.

An taɓo masu ba da rance irin IMF da sharuɗɗansu. An kuma tuna taron zanga-zangar adawa da cire tallafin mai da aka yi a Ojota, Legas, a Janairun 2012, wanda ya sa Jonathan ya rage farashin fetur. A nan aka ce ƙungiyoyin kasuwarmu su riƙa kai kukansu tun ana shirya doka.