Wace kalma za mu ba “retour haptique” a Hausa?

Ƴan uwa na Damagaram, ina neman taimako. A 2015 BMW ta sa kamara a rufin motarta ƙirar 7 mai karanta motsin hannun direba: ka juya yatsa a iska sautin rediyo ya ƙaru, ka kaɗa hannu gefe kiran waya ya katse. Wannan dai, sunan “umarnin nuni” ya ishe shi. Matsalar ita ce hannu bai taɓa komai ba, don haka direba bai san ko mota ta ji shi ba sai ya duba tablo, wato allon da ke gaban direba. A gudun kilomita 100 a awa, duban daƙiƙa 2 tafiyar kusan mita 56 ce ido ba ya kan hanya. Shi ya sa ake ƙoƙarin haɗa masa abin da Faransawa ke kira retour haptique, wato amsar da fata ke ji. Me za mu ce da shi?

Makanike daga Sabon Gari: Malam, ai jijjiga ce kawai, irin ta salula. Mu a gareji haka muke cewa.

Mai tambaya: Maigida, jijjiga ɗaya ce daga cikin hanyoyin. Kamfanin Ultraleap na Biristol a Ingila ya ƙera na'urar da ke harba sautin da kunne ba ya ji, ta tattara shi a tafin hannu har mutum ya ji ɗan matsi, alhali hannunsa na iska. Nan ba abin da ya jijjiga a motar.

Direban hanyar Tanut: Ɗana, bar jijjiga ma. Motar da ta bi wannan hanya dukanta jijjiga ce, daga sitiyari har kujera. In ka ce min “jira jijjiga”, wacce daga ciki? Ni maɓallin da na danna na ji ƙas, shi na yarda da shi.

Mai tambaya: Baba, ba kai kaɗai ba ne. Hukumar Euro NCAP mai gwada lafiyar motoci a Turai ta ce daga 2026 za ta duba ko sigina, hon, fitilar haɗari, abin share gilashi da kiran gaggawa suna da maɓalli na gaske kafin ta ba da cikakken maki.

Malamar Hausa: “Amsar taɓi” fa? Ta bi asalin kalmar haptique, domin a Girkanci taɓawa take nufi.

Mai tambaya: Malama, tana da kyau ga allon da ake latsawa, irin na Audi A8 ta 2017 mai ɗan motsawa ƙarƙashin yatsa. Amma a umarnin nuni kai ba ka taɓa ba, kai aka taɓa.

Malamar Hausa: To “tsikari”. Wanda ke gefenka ya tsikare ka da yatsa, ba magana, ba ka waiwaya ba, amma ka gane. “Zunguri” ya yi nauyi, kamar da faɗa a ciki.

Mai tambaya: Wannan ta zauna min. Tana shiga jimla ba gargada: “na juya yatsa, mota ta tsikare ni”, “tsikarin motar nan ba ya zuwa da wuri”. Na biyun ma shi ne babban aibin da ake gudu, don in amsa ta yi latti direba zai sake umarnin ko ya koma duba tablo. A rubutu na fasaha a ce “tsikarin amsa”, a baki “tsikari”.

Makanike daga Sabon Gari: Na karɓa, Malam. Sai dai ranar da aka kawo min mota aka ce tsikarinta ya mutu, kuɗin gyara daban ne.