Neman shawara: ina son jeren teku da 'yar ruwa a falona, Gwaggo ta ce sam

Amaryar Rikkos: Assalamu alaikum 'yan uwa, don Allah ku ba ni shawara, kaina ya kulle. Bikina bayan Babbar Sallah ne in sha Allah, an kama mana haya ɗaki biyu da falo a unguwar Rikkos, nan Jos. Tun da na yi bautar ƙasa a Legas teku ya shiga raina. Duk ranar hutu Lekki nake tafiya in zauna bakin ruwa har yamma, kun san mu nan Jos sai duwatsu. Da na dawo aiki bai samu ba, na koma wajen Gwaggona, ita ta riƙe ni tun rasuwar Mama, ita ta yi min makaranta, yanzu ma ita da Kawu ke haɗa kayan ɗakin. Ba na son ɓata mata rai ko kaɗan. Abin da nake so shi ne falo duk shuɗi kalar ruwa, labule mai santsi, matasan kujera masu ƙyalli kamar jikin kifi, madubi zagaye da wuri da katantanwa, akwatin gilashi na kifi, sai babban zanen 'yar ruwa a bango. Gwaggo na gani a wayata ta ce ba za a kai aljana gidan aurena ba, yanzu gaisuwata ma da ƙyar take amsawa. Ga shi na riga na ba mai fenti kafin alƙalami. Ya zan yi?

Hajiya Mai Jere: Wa alaikumus salam. 'Yata, jeren amare sana'ata ce, ki saurare ni. Zanen nan ki manta da shi, wurin ma haka. A garin nan duk wanda ya ga wuri a bango bori da boka ne ke fara zuwa masa rai. Ranar da dangin miji suka zo ganin ɗaki, kafin la'asar labari ya kai unguwar Gangare. Na biyu, Jos ba Legas ba ce. Tudu muke, sama da mita 1,200. Ki shafe bango huɗu da shuɗi ga tayil a ƙasa, in hunturun Disamba ya shigo falon zai zame miki kamar firij. Bango ɗaya ya isa, sauran ki yi ruwan madara ko kalar yashi, ki shimfiɗa kafet mai kauri.

Ummu Khalil: Ni ta fuskar addini zan yi magana. Hadisi ya inganta a Bukhari da Muslim cewa mala'iku ba sa shiga gidan da akwai kare ko hoto. Balle zanen 'yar ruwa da yawanci rabin jikinta a buɗe yake. Igiyar ruwa, jirgin ruwa, faɗuwar rana a kan teku, duk babu rai a ciki, ki sa abinki.

Amaryar Rikkos: Anti Ummu, wadda na zaɓa ta juya baya ne, gashinta ya rufe ko'ina, fuskar ma ba a gani. Kuma ni ban ɗauke ta aljana ba, kwalliya ce kawai.

Maman Afnan: Kin ma tambayi mai gidan hayar kafin ki taɓa masa bango? Ni haka na yi wa ɗakin yara fenti mai kyau da kuɗina, da za mu tashi mutumin nan ya ce sai mun mayar masa da fari. Rufin da ke yoyo duk damina kuwa bai taɓa gyarawa ba, magana har gaban mai unguwa. Masu gidajen hayar nan sai Allah.

Zee Baby: Ni dai na goyi bayanki wallahi. Kowace amarya ruwan toka da ruwan gwal, an gaji. Ki bar fenti ki manna takardar bango mai zanen ɓawon kifi, ranar tashi ki ɓalle abarki.

Hajiya Mai Jere: Takarda a Jos? Ruwa daga Afrilu har Oktoba, bango na jan danshi, kafin shekara ta kumbura ta yi baƙi ta ƙasa. Fenti mai santsi wanda ake gogewa da tsumma za ta yi. Kujeru kuma ta je kasuwar Katako a ƙera mata, ta zaɓi yadi mara ado, matasan su ɗauki ƙyallin. In ta gaji da teku matasai kawai za ta canja. Kifin ma ban ba ta shawara ba.

Maman Afnan: Kifi kam gaskiya ne. Na ƙanwata duk sun mutu, injin iskarsu sai da wuta, ga ruwan ya yi sanyi ƙarara lokacin hunturu. Wanda ya sayar mata bai gaya mata irin na ruwan ɗumi ba ne, da ta koma ya ce laifinta ne.

Amaryar Rikkos: Na ji duka, na gode. Amma bango ɗaya ba zai ba da abin da nake gani a raina ba, kuma gidan yana da sola. Ni ce zan zauna a ciki, ba mutanen Gangare ba. Yadda zan shawo kan Gwaggo na tambaya.

Ummu Khalil: To shi angon fa, ya ga zanen? Me ya ce?

Amaryar Rikkos: Ya ce duk abin da nake so. Kalar dai na nuna masa.

Hajiya Mai Jere: Kala daban, 'yar ruwa daban. Ki nuna masa yau, ki nuna wa mahaifiyarsa. Kuma mai fentin nan kar ya saya da kansa, ki je da shi shago a buɗe bokitin a gabanki, in ba haka ba ruwa zai tsuga miki.

Zee Baby: Hajiya ai uwar miji ba ita za ta zauna a falon ba. Amarya turo min zanen in gani, akwai mai yi a Terminus.