Neman kalma: me za mu kira role play a ajin koyon harshe?

Malamar Hausa, Zariya
Assalamu alaikum malamai. Ina rubuta jagorar darasi ga ɗalibai masu neman shaidar malanta, waɗanda za su koyar da Hausa ga yaran da ba harshensu ba ne, sai kalma guda ta gagare ni: role play. Ga yadda abin yake. Malami zai raba yara biyu-biyu. Ya ba ɗaya kati cewa shi mai tumatir ne, ba zai sallama kwando ƙasa da naira dubu biyar ba, ɗayan kuma mai saye ne da dubu huɗu kacal a aljihu, kuma kowa bai san abin da ke katin ɗan'uwansa ba. Ba a rubuta musu abin faɗa. Dole su gaisa, a taya, a ce albarka, a ƙara, har a sallama ko a rabu. Malami ba ya gyara kuskure sai an gama. Wasu suna rubuta "wasan kwaikwayo", ni dai ban gamsu ba.

Malamin adabi, Kano
Wa'alaikumus salam Malama. Kafin a ƙirƙiri sabuwa ai ana duba wadda ake da ita. Wasan kwaikwayo kalma ce zaunanniya, ta ɗauki tashe, ta ɗauki wasan gauta da na 'yan kama. Me zai hana ta ɗaukar wannan?

Malamar Hausa, Zariya
Allah ya gafarta Malam, duk waɗannan da ka lissafa don 'yan kallo ake yin su. Ko yaran tashe gida-gida suke bi don a kalla a ba su sadaka. Wannan kuwa ba mai kallo, aji duka magana ake a lokaci guda. Abin da nake tsoro, sabon malami idan ya ga "wasan kwaikwayo" a jagora zai zauna ya rubuta wasa, ya zaɓi yara huɗu masu kaifin baki su haddace, sauran su zuba tagumi. Yaron da ya fi buƙatar buɗe baki shi ne zai tashi bai ce uffan ba. Dorothy Heathcote, wadda ta daɗe tana horar da malamai a Jami'ar Niyukasil ta Ingila, kan wannan ta tsaya: wasan aji amfaninsa na masu yin sa ne.

Malamin Faransanci, Damagaram
Mu nan jeu de rôle muke cewa, kuma tun da aka buɗe makarantar gwaji ta Hausa da Faransanci a garin nan a 1973 ake fama da neman irin waɗannan kalmomi. Da shi muke koya wa yara bambancin tu da vous, wato "kai" na sabo da "ku" na girmamawa: yau kana magana da abokinka, gobe da likita. "Taka rawa" ba za ta yi ba, don uba na jin ta zai ce rawa ake koya wa ɗiyarsa. Me kuka gani game da "aron baki"?

Tsohon hedimasta, Katsina
Malam, aron baki da albasa yake tafiya. Wanda aka ari bakinsa aka ci masa albasa ƙarya aka yi masa, ba na son wannan warin a aji. Ku dai saurari 'yan mata ƙanana wajen wasan 'yar tsana. Kafin su fara me suke cewa? "A ce ni ce uwa, a ce ke ce amarya, a ce nan ne ɗaki." Ba rubutu, ba mai kallo, kowa da matsayinta, magana kuma nan take ake ƙirƙirarta. Ku kira shi wasan a-ce. Ginin ma namu ne: a-daidaita-sahu, a-kori-kura, a-ci-balbal, a-sha-ruwan-tsuntsaye.

Malamin adabi, Kano
Baba, ginin ba shi da aibu, na yarda. Sai dai kunnena yana jiyo ce-ce-ku-ce a kusa. Kuma a riƙa sa karan ɗori, don kada "a ce" ta ɓace cikin jimla.

Malamar Hausa, Zariya
Baba, Allah ya ƙara girma, wannan ta shige ni. Abin da ya fi burge ni, sunan shi ne umarnin. Malami na cewa "a ce kai ne direba, a ce ke ce fasinja" yara sun gane, ba sai ya yi dogon bayani ba. Malam, muddin "wasan" na gaba ba wanda zai ji gulma a ciki, karan ɗorin kuwa na karɓa. A jagorar zan bar wasan kwaikwayo ga wanda ake rubutawa a nuna ranar rabon kyaututtuka. Na aji kuma wasan a-ce, jam'insa wasannin a-ce, takardar da ake ba yaro katin a-ce. Malamin Damagaram, don Allah ka gwada ta a ajinka wannan zangon, ka faɗa mana ko ta zauna a bakin yaran Nijar.