Tsofaffi masu yawan mantuwa: da me za mu auna su?

Assalamu alaikum, likitocin ƙwaƙwalwa. A ƙauyukan Ringim, 'ya'yan dattawa masu ruɗewar tsufa suna roƙon a ɗora wa iyayensu na'urar sikanin ciki a ka, don sun ji ana zaburar da ƙwaƙwalwa da sauti. Ba za ta yi ba. Ta ciki tana aiki da sauti mai saurin kaɗawa wajen megahaz 3.5, ƙashin kai kuwa shanye sautin yake yi. Ta masu bincike ƙasa da megahaz 1 take, da hoton ƙwaƙwalwa na na'urar MRI ake saita ta, kuma har yanzu gwaji ce.

Inda muka maƙale shi ne awo. Gwajin MMSE, tambayoyin auna tunani da mantuwa, mai maki 30 yana buƙatar karatu da rubutun boko, dattawanmu kuwa allo da ajami suka sani, sai maki ya faɗi ba don ciwo ba. Da me za mu musanya shi kafin a tura su Asibitin Malam Aminu Kano? Bayan hawan jini da suga, wanne za a fara dubawa, bitamin B12 ko tayirod (sinadarin da ke fitowa daga wata gaɓa a wuya)?