Furen berbena mai tsayi: zai yi a Kumasi kuwa?

Uwar Biyu, Asokore Mampong

Assalamu alaikum jama'a. 'Yata ce ta aiko mini da irin wani fure daga Hamburg, an rubuta Verbena bonariensis a jikin takardar, ni dai berbena nake ce masa. Hoton da ke jiki ne ya sa na ƙwallafa rai a kansa. Kara ne siriri dogo, ganye ɗaiɗai, can ƙoli kuma 'yan furanni shunayya sun yi cunkus, malam-buɗe-littafi sun yanyame su. Abin da nake nema ke nan. Tun da gini da siminti suka cinye unguwarmu ba a ganin malam-buɗe-littafi sai jefi-jefi, jikokina ma a littafin makaranta suka fi saninsu, kuma abin yana damuna ƙwarai.

Wurin da nake da shi ɗan tsiri ne tsakanin katanga da bayan kicin, tsawonsa kamar mita 6, faɗinsa bai wuce taku biyu ba. Rana tana samunsa daga hantsi har la'asar. Ƙasar irin tamu ce, ja mai danƙo, in aka tafka ruwan Yuni sai ya kwanta a wurin har gari ya waye. Ɗoɗɗoya da barkono ne a gefe guda, su kam ba su taɓa ba ni matsala ba.

Bayanin takardar duk na ƙasar sanyi ne, wai a shuka bayan ƙanƙara ta wuce, a lulluɓe gindinsa da sanyi. Mu da ba mu da ƙanƙara fa? In shuka yanzu da muke cikin hunturu, ko in jira ruwan Maris? Sannan an ce yana shekaru ba ya mutuwa, gaskiya ne? Maƙwabciyata ta ce kada in wahalar da kaina, furen Turawa ba ya yi a nan.

Mai Lambun Madina, Accra

Wa alaikumus salam Mma. Ki gaya wa maƙwabciyarki ba furen Turawa ba ne. Asalinsa Kudancin Amurka, wajen Ajantina da Brazil da Uruguay, su ma Turawan kai musu aka yi. Zafi ba ya kashe shi. Yana nan a gidana a Madina, wasu karan sun kusa kai mita 2.

Abin da ya tsaya mini a bayaninki shi ne ruwan da kika ce yana kwana. Berbena yana jure ƙishi in ya kafu, amma saiwarsa ba ta jure zama cikin laka, ruɓewa take yi. Mu a Accra ruwan shekara bai kai milimita 1,000 ba, ku kuwa a Kumasi kuna samun wajen 1,400, ga shi damina biyu. Don haka kafin maganar iri, ki gyara wurin. Ki sa yara su tayar miki da kunya mai tudu, kamar santimita 25 zuwa 30 sama da ƙasa, a cakuɗa jar ƙasar da yashin rafi da buntun shinkafa da ya ruɓe, in akwai dakakken gawayi a zuba. A fitar wa ruwa hanya ta gindin katanga zuwa kwata. Kashin kaji kuwa ki yi hankali da shi, ɗan kaɗan ya isa. In taki ya yi yawa sai ya yi ta ganye, kara ya yi laushi, iskar hadarin farko ta kwantar da shi.

Ni da ni ne ke, yanzu zan fara reno a roba mai huji a ƙasa, a inuwar baranda. Irin ƙanana ne sosai, a barbaɗa shi a sama, a ɗan danna da tafin hannu, kada a binne shi da zurfi. Ruwa kuma yayyafi, safe da yamma, don iskar hunturu tana busar da roba nan da nan. Kada ki karaya in kin ga shiru, yana iya ɗaukar mako 2 zuwa 4, kuma ba ya fitowa tare. Zuwa lokacin da ruwa zai sauka sun isa dashe. Ki ba su tazarar santimita 40, in sun kai tsawon tafin hannu ki tsinke kan, sai su yi rassa maimakon sanda guda. A shekarar farko yake fure.

Maganar shekaru kuwa, akwai gaskiya a ciki amma ba duka ba. Gindi ɗaya ba ya daɗewa, bayan shekara 2 ko 3 za ki ga ya gaji. Abin da ke sa mutane su ɗauka ba ya mutuwa shi ne yana zubar da iri, 'ya'yan su tsiro a gindin uwar.

Dattijon Aboabo

Hajiya, duk abin da yaron nan na Madina ya faɗa daidai ne, amma maganarsa ta ƙarshe ita ce ta sa na ce bari in sa baki. Tsiron da ya zo daga wata nahiya, yana zubar da iri da kansa, ba abin da za a sake wa ba ne. Mu da muka yi noma a dajin Asante mun ga abin da ciyawar Acheampong ta yi. Ita ma daga nahiyar Amurka ta fito, ta bazu a ƙasar nan har mutane suka laƙaba mata sunan shugaban sojan da ya yi mulki daga 1972 zuwa 1978. Yau wace gona ce ba ta shiga ba? Ga lantana, wadda dangin berbenan nan ce ta kusa, a matsayin furen ado aka yi ta yawo da ita a duniya, yanzu ta zama ƙaya a bakin hanyoyi da makiyaya. Shi kansa berbena a Afirka ta Kudu yana cikin jerin tsire-tsiren da doka ta ce a kawar, a Ostireliya ma ciyawa ce da manoma suke kuka da ita.

Ban ce kada ki shuka ba. Gidanki da katanga, ba gefen gona kike ba. Amma in fure ya fara bushewa ki yanke kan kafin iri ya zuba, ki bar biyu ko uku kawai na ajiya. Abin da kika yanke kada ki watsa a bola ko a kwata, ruwa zai kai shi rafi. Ki busar ki ƙona. Kuma in 'yan uwa daga ƙauye suka gani suka roƙa, ki yi musu wannan bayanin kafin ki ba su.

Uwar Biyu, Asokore Mampong

Allah ya saka da alheri, Baba. Wallahi Acheampong na san ta sarai, mahaifina ya sha fama da ita a gonar koko. Zan kiyaye. Yanke busasshen fure ba zai gagare ni ba, kullum ina wurin da asuba.

Ɗana na Madina, na gode. Buntu ba zai yi wuya ba, akwai injin casar shinkafa kusa da mu. Na yanke shawarar raba irin biyu, rabi a kunya, rabi a manyan bokitai da zan iya ja zuwa ƙarƙashin rumfa in ruwa ya yi yawa. Saura abu ɗaya. Kuɓewata duk ƙaramar damina sai ganyenta ya yi fari fat kamar an barbaɗa masa gari. Shi ma berbena yana kamuwa da wannan? In yana yi, Satumba da Oktoba za su ba ni aiki.

Mai Lambun Madina, Accra

Yana kamuwa, Mma, ita ce ma babbar cutarsa a wuri mai laima. Fumfuna ce, tana son inda iska ba ta ratsawa. Shi ya sa na ce tazarar 40, kuma ki ɗan janye shi daga jikin katanga. Ruwa a gindi za ki riƙa zubawa da safe, ban da kan ganye. Ganyen ƙasa da ya fara fari a cire shi nan take. In ta ci ƙarfinsa ki datse karan ya rage kamar santimita 20, zai toho sabo. Bokitan kuma su kasance masu zurfi, da huji sosai, ki kafa musu sandar gora tun suna ƙanana, don tsayinsa yana sa iska ta kifar da bokiti.

Maman Sadiya, Tafo

Yaya, ni kaji nake tausaya miki, sun fi kowace cuta saurin gamawa da dashe. Ki kewaye kunyar da tsohon gidan sauro har su yi ƙwari. In sun yi fure kuma ki kai jikokin nan dajin Bobiri da ke Kubease, kan hanyar Accra, nau'in malam-buɗe-littafi wajen 400 ne a can, sai su dawo su riƙa gane waɗanda ke zuwa gida. Ki ajiye mini dashe biyu, zan aiko yaro da bokiti.