Neman kalmar Hausa: "shareware" da "robot", kafin ranar Alhamis

Mai Shirin Fasaha:
Assalamu alaikum, malamaina da 'yan'uwa. Ina da shirin rediyo na minti 20 da za mu ɗauka ranar Alhamis da hantsi, amma kalmomi biyu sun hana ni rufe rubutun. Shirin yana bayani ne a kan yadda ƙananan masu rubuta manhaja a Amurka suka riƙa sayar da wasanninsu kafin intanet ta game duniya, kuma misalin da na ɗauka shi ne One Must Fall 2097, wasan faɗa da ya fito a 1994 don kwamfutoci masu aiki da MS-DOS, tsohuwar manhajar tafiyar da kwamfuta. Wani ƙaramin kamfani mai suna Diversions Entertainment ne ya ƙirƙira shi, Epic MegaGames kuma ya rarraba shi, wato kamfanin da yau ake kira Epic Games, mai Fortnite. A cikin wasan, mutum yakan zaɓi matuƙi ɗaya cikin goma, ya zaɓi ƙaton inji mai siffar mutum, sa'annan a gwabza a fage. Akwai fagen da wuta ke tashi daga ƙasa, akwai mai bangon lantarki, akwai kuma na hamada da jiragen yaƙi ke ratsawa suna harbi. Kalma ta farko ita ce "shareware", domin an raba wani yanki na wasan kyauta, wanda yake son cikakkensa sai ya aika kuɗi. Ta biyu ita ce "robot", kuma za ta fito a bakina fiye da sau goma sha biyar, saboda haka ba na son doguwa.

Tafinta:
Wa alaikumus salam, Malama. Ga ta farko ina ba da shawarar "manhajar ɗanɗano". Duk wanda ya taɓa tsayawa gaban mai kilishi ya san ɗanɗano: a yanko maka kaɗan ka taɓa, in ya yi maka ka saya, in bai yi ba ka wuce ba wanda zai bi ka bashi. Manhaja tamace ce, mahaɗin -r ya zauna daidai, jam'i kuma "manhajojin ɗanɗano" ba ya sarƙe harshe. Ga ta biyu ki bar "mutum-mutumi", tunda ita kafafen labarai suka daɗe suna amfani da ita.

Injiniyan Samaru:
Yaya Tafinta, ɗanɗano ya kama rabin ma'anar ne kawai. Mai kilishi ba ya cewa ka kai wa maƙwabcinka ɗanɗanon, shi ma ya kai wa nasa maƙwabcin, alhali wannan shi ne ginshiƙin tsarin. Masu wasan su da kansu suke roƙon ka kwafe shi a faifan filofi ka ba aboki, ko ka ɗora shi a allunan saƙonni da ake shiga ta layin tarho, domin kwafar ita ce tallarsu, kuma ba sa biyan kowa kuɗinta. Sa'annan tsarin iri biyu ne. A farkon shekarun 1980, Andrew Fluegelman da Jim Knopf da Bob Wallace sun riƙa ba da manhajarsu cikakkiya, suna cewa wanda ya amfana ya aiko da kuɗi don ganin damarsa. Wannan ni a wurina amana ce, ba ɗanɗano ba. Daga baya Scott Miller na kamfanin Apogee ya zo da dabarar raba wasa kashi-kashi, a ba da na farko kyauta a sayar da sauran, kuma hanyar da Wolfenstein 3D ya bi ke nan a 1992, Doom ma ya bi ta a 1993. Ina ganin a ce "manhajar amana" ga iri na farko, a nemi wata ga na biyu, ko da "somin-taɓi" ce.

Tafinta:
Na yarda da rabewar, amma wasan Malama na iri na biyu ne, don haka ɗanɗano bai kauce ba. Somin-taɓi kuwa yana nufin abin da ya fara zai ci gaba ko an so ko ba a so, ba ciniki a cikinsa.

Tsohon Malamin Hausa:
'Yata, kafin a gama da ta farko bari in tsayar da ku a kan ta biyu, domin nan ne ɓarnar take. Mutum-mutumi abu ne da ba ya motsi. Shi ne wanda manomi ke kafawa a gona ya sa masa tsohuwar riga don korar tsuntsaye, shi ne kuma wanda ake sassaƙawa a ajiye a mararraba. Yaya za a ɗauki sunan abin da aka san shi da tsayuwa cik a liƙa wa abin da ke tsalle yana kai naushi? Na yi shekara 31 ina koyarwa, kuma ina gaya wa ɗalibai cewa kafin a fassara kalma sai a tono asalinta. Kalmar "robot" ta fito ne daga wasan kwaikwayon Karel Čapek na 1920, daga kalmar harshen Cek "robota", wadda ke nufin aikin tilas da talaka ke yi wa mai ƙasa. To mu muna da wannan ma'anar a harshenmu. Ni na daɗe ina kiransa "bawan-ƙarfe", jam'i "bayin-ƙarfe". Gaɓa huɗu ce kacal, ta faɗi abin da aka yi shi da shi, ta faɗi aikinsa, kuma ba ta ari ko harafi ɗaya daga Bature ba.

Mai Shirin Fasaha:
Baba Malam, na gode ƙwarai, kuma ban san asalin kalmar ba sai yau. Abin da nake tsoro shi ne kunnen mai sauraro. Akwai gidajen da har gobe ake yi musu gori da wannan kalma a wajen neman aure, kuma shirin yara da matasa ne suka fi jinsa.

Tsohon Malamin Hausa:
In haka ne sai a daina cewa bawan Allah ke nan. Kalma ba ta da laifi, mai mugun nufi ne ke da shi. Abin da nake gani shi ne 'yan bokon yanzu suna jin kunyar ƙirƙira, sun fi son su ji abin da gidajen rediyon ƙasashen waje suka faɗa su maimaita. Waɗanda suka ce jirgin sama da jirgin ƙasa ba su jira izinin kowa ba, sun dubi jirgin ruwan da suka sani suka ɗora a kansa, ga shi yau ba mai tuna cewa ƙirƙira ce.

Ɗan Damagaram:
Baba, a gafarce ni, amma in ana maganar kunyar ƙirƙira sai a tuna da mu ma. Mu nan yaro ya fi jin "robo" saboda Faransanci, kuma duk lokacin da aka zauna zaɓen kalma a can wajenku, sai dai mu ji an yanke, a ce ita ce daidaitacciyar Hausa. Masu Faransanci sun ƙirƙiro "partagiciel" don wannan "shareware" ɗin, daga kalmar rabawa da ta manhaja, amma ni ban taɓa jin ta a bakin mai gyaran kwamfuta ba ko sau ɗaya. Kalma in ba ta shiga kasuwa ba, takarda kawai take ci. Ni "saƙago" nake so. Tsohuwar kalma ce, gajera, ana jin ta nan da can, kuma tuni wasu 'yan jarida suka fara kiran robot da ita.

Tsohon Malamin Hausa:
Saƙago ma ai cutar ɗaya ce. In an ce wane ya tsaya kamar saƙago, ana nufin ya ƙame ba motsi ba magana. Kuma batun daidaitacciyar Hausa ba Kano ta ƙwace ba, aikin rubutu da ɗab'i ne ya kai ta can, ku ma da ita kuke karanta littattafai.

Ɗan Damagaram:
Da ita muke karantawa, amma ko rubutun ba ɗaya ba ne gaba ɗaya, tunda mu muna rubuta ƴ inda kuke rubuta 'y. Ba gardamar gari nake nema ba, Baba. Cewa nake yi a riƙa tambayarmu kafin a rufe ƙofa.

Injiniyan Samaru:
Ina roƙon mu koma ga wasan, domin shi kansa yana da abin da zai ce a kan wannan gardama. Injinan da ke cikinsa ba su da ikon kansu. Labarin wasan ya kira su HAR, ma'ana injin da mutum ke tafiyarwa, kuma an haɗa matuƙin da injin ta yadda ƙarfinsa da zafin namansa da juriyarsa su ne ke bayyana a jikin ƙarfen. Shi ya sa Jaguar, ɗaya daga cikin injinan, a hannun matuƙi ɗaya ba daidai yake da Jaguar a hannun wani ba. Bawa yana da ransa da tunaninsa, an dai tilasta shi ne. Wannan kuwa gangar jiki ce ba rai, sai an shige ta take motsi. Saboda haka a nan hujjar Baba Malam ta juya ta goyi bayan saƙago: abu ne da ke tsaye ƙiƙam har sai mutum ya tashe shi. A sashen gasa ma, inda ake cin kuɗi a sayi kayan ƙara wa hannu da ƙafa ƙarfi, a biya kuɗin gyara bayan kowace karawa, ana mu'amala da shi ne kamar mota.

Tsohon Malamin Hausa:
Kana gina kalma a kan wasa ɗaya, ɗana. Gobe za a zo da injin da ke haɗa motoci a masana'anta, wanda hannu ɗaya ne kawai ba kai ba ƙafa, sai ka kira shi saƙago? Bawan-ƙarfe ya ɗauke su duka.

Tafinta:
Baba Malam, wannan hujja ce mai nauyi, kuma ta rushe mutum-mutumin da na kawo fiye da yadda ta rushe saƙago. Sai dai tarihin kalmominmu bai nuna cewa mai cikakkiyar ma'ana ce ke yin nasara ba. "Na'ura mai ƙwaƙwalwa" ta fi "kwamfuta" bayani, amma tsawonta ya kayar da ita a bakin jama'a, ita kanta na'urar kuma daga Larabci muka aro ta. "Manhaja" da muke ta faɗa tun safe asalinta tsarin karatu ne, aka ja ta zuwa wayar hannu, yau ba mai ƙorafi. In manhaja ta iya barin aji ta shiga waya, saƙago zai iya barin tsayuwa ya yi tafiya. Abin da ya rage mini shakka shi ne jam'insa, domin kunnena bai saba da ko ɗaya ba, kuma Malama tana da injina goma sha ɗaya da za ta ambata.

Ɗan Damagaram:
A kauce wa jam'in. A ce "saƙago goma sha ɗaya", kamar yadda ake cewa mota goma, rago biyar. Hausa ta yarda da tilo a gaban adadi.

Mai Shirin Fasaha:
Wannan ya warware mini matsala babba. Ga yadda na gyara sakin layin, a duba mini: "Wasan ya ƙunshi saƙagon ƙarfe goma sha ɗaya, wanda Turawa ke kira robot, kowanne da salon faɗansa. An fara raba shi ne a matsayin manhajar ɗanɗano, wato a ba ka wani yanki kyauta, a kuma ba ka izinin kwafa wa duk wanda kake so, in ya yi maka ka aika kuɗi a aiko maka da cikakkensa. A 1999 masu shi suka sake shi gaba ɗaya ya zama manhajar kyauta." Na sa batun kwafar a cikin bayanin saboda gyaran Injiniya, tunda kalmar ita kaɗai ba ta ɗauke shi ba. Wajen bayanin faɗan kuma zan ari kalmomin dambe, in ce turmi da kisa, domin ba mai sauraron da zai nemi a fassara masa su.

Injiniyan Samaru:
Ya yi, sai dai ina nan a kan cewa ɗanɗano ba zai rufe PC-Write, manhajar rubutu ta Bob Wallace, ba. In wata rana kika yi shiri a kan na farkon, ki tuna da amana.

Tsohon Malamin Hausa:
Manhajar ɗanɗano na karɓa, domin Hausa ce tsantsa kuma daga kasuwa ta fito. Turmi da kisa ma sun zauna. Saƙagon ƙarfe kuwa ban karɓa ba, kuma ki lura cewa sai da kika jingina masa ƙarfena kafin ya tsaya. Shirinki ne, 'yata, ba zan hana ki ba. Abin da nake roƙo shi ne ki faɗa wa masu sauraro cewa ba a gama yanke magana ba, ki ambaci ɗayar ko sau ɗaya, su aiko da nasu ra'ayin.

Mai Shirin Fasaha:
Zan faɗi cewa maganar tana buɗe, Baba Malam, in kuma ba da labarin asalin kalmar kamar yadda ka koya mini. Ambaton ɗayar sai na shawarci mai kula da shirye-shiryenmu gobe da safe, domin shi ke sa hannu a rubutun kafin mu shiga ɗakin ɗauka.