Yaya ake wa'azin Triniti da Hausa ba tare da an karkace ba?

Katikis Sabon Hannu:
Salama, iyayena da 'yan'uwa. Lahadin Triniti (wato Allah ɗaya cikin uku: Uba, Ɗa da Ruhu Mai Tsarki) na tafe, mako guda bayan Fentikos, kuma a cocin ƙauye katikis ne ke jan sujada idan Fada bai samu zuwa ba. Masu sauraro manoma ne, maƙwabtansu Musulmi, waɗanda da sun ji "Ɗan Allah" sai su ce ashe Allah ya yi aure. An ba ni shawarar in yi misali da duwatsun murhu uku da tukunya ɗaya. Ya dace? Daga ina kuma ake farawa?

Fada Mai Koyarwa:
Malam Katikis, ajiye murhun nan. Kowane dutse sulusin nauyi yake ɗauka, saboda haka mutane za su tafi gida da cewa Uba kashi ɗaya ne cikin uku na Allah. Ikilisiya kuwa tana koyar da cewa Uba Allah ne cikakke, haka Ɗa, haka Ruhu Mai Tsarki, ba a gutsuttsura Allahntaka. Misalin ruwa da ƙanƙara da tururi ma bai tsira ba: wannan kuskuren Sabeliyus ne na ƙarni na 3, wato mutum ɗaya yana sauya riga. Baftismar Yesu a Markus 1:9-11 ta rushe shi, domin a lokaci guda Ɗa na cikin Urdun, Ruhu na sauka, muryar Uba na magana. Tun 1215 Majalisar Lateran ta Huɗu, babban taron shugabannin Ikilisiya, ta ja kunne cewa duk kamar da aka gani tsakanin Mahalicci da halitta, bambancin ya fi ta girma.

Ka fara daga karatun ranar. Dei Verbum, takardar Ikilisiya ta 1965 a kan Maganar Allah, sashe na 12, ta ce a fara gano abin da marubucin yake nufi da irin rubutun da ya yi, sannan a karanta shi tare da sauran Littafi Mai Tsarki da koyarwar da Ikilisiya ta gada. Idan shekarar B ce, ta biyu a zagayen karatun Lahadi na shekara uku, aikinka ya yi sauƙi: Maimaitawar Shari'a 4 ta ce Ubangiji shi ne Allah, babu wani. Kafa wannan tukuna, da ƙarfi. Sai Matiyu 28:19, inda aka ce a yi baftisma cikin "suna" na Uba da Ɗa da Ruhu Mai Tsarki, ba "sunaye" ba. Sa jama'a su yi alamar gicciye a hankali su saurari bakinsu.

Malamar Ajin Baftisma:
Ranka ya daɗe Fada, bari in taɓa batun "ɗa", don nan ne gizo ke saƙa. Maƙwabci yana da Suratul Ikhlasi a ka, mai cewa Allah bai haifa ba, ba a kuma haife shi ba, kuma haihuwar jiki yake ji. A faɗa masa ƙarara cewa mu ma mun ƙi wannan: babu mata, babu aure, babu ranar da aka yi suna. Hausa tana taimako, tunda ɗan Kano ba Kano ce ta yi naƙudarsa ba. Amma a tsaya nan! Wanda ya zarce zai mai da Yesu ɗa na laƙabi kawai, alhali Majalisar Nikiya ta 325 ta ce haifaffe ne ba halittacce ba, ainihinsa ɗaya da Uba. Hanya mafi aminci ita ce Yohanna 1:1, Kalman da yake tare da Allah tun fil'azal. Tambayi jama'a ko an taɓa yin lokacin da Allah ba shi da magana.

Tsohon Katikis:
Ɗana, kada ka ji tsoron al'ada gaba ɗaya. Paparoma Yohanna Bulus na Biyu ya ƙarfafa shigar Bishara cikin al'adunmu a takardarsa Ecclesia in Africa, wadda ya sa wa hannu a Yawunde a 1995. Abin lura shi ne inda kake ɗora misalin. Ka ɗora shi a kan abin da Allah ya yi mana, kada ka ɗora shi a kan zatinsa. Romawa 8:14-17 na cikin karatun shekarar B ɗin: bawa na tsayawa a zaure yana jiran izini, ɗan gida kuwa ya wuce ciki ya ce "Baba", kuma yana da gado. Uba ke karɓa, Ɗa ya buɗe ƙofa, Ruhu ke sa mu kira.

Fara karanta nassin tun Litinin, da babbar murya, a fassarar da za a karanta ranar Lahadi. Magana ɗaya, misali ɗaya, minti 8 kamar yadda Paparoma Faransis ya sha faɗa. Kafin Asabar ka gwada wa wata tsohuwa daga zumuntar mata. Idan ta maimaita maka da "alloli uku" a ciki, sake shiri.